An ce gwamnati na yanka filaye a bakin kanal, in cika kuɗin?

Tambaya: Malam, ina sayar da hatsi a Dawanau. Ɗan wan mahaifina ya ce gwamnati na yanka filaye a bakin kanal wajen Kura, in kawo naira miliyan 6 ya kama mini biyu, kafin shekara kuɗin ya ninka. Na ba shi miliyan 2, ya turo mini hoton takarda a waya. In cika?

Amsa: Alhaji, kada ka ƙara ko kwabo. Kai da ba ka sakin buhu sai ka soka ka ga ƙwayar, ka saki miliyan 2 a kan hoto saboda zumunci. Ba cewa na yi ɗan'uwanka macuci ne ba. Mai yiwuwa shi ma wani dillalin ne ya ja shi. Amma kuɗin filin gwamnati a asusun gwamnati ake biyansa, rasit ya fito da sunanka. Wanda ya shiga aljihun mutum bashi ne kawai, kuma naka ko shaida babu.

Tambaye shi wace gwamnatin. Ruwan kanal ɗin daga madatsar Tiga yake zuwa, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ce ke kula da shi. Gefensa akwai hanyar da aka bari don motocin gyara da yashe, babu mai ikon sayar maka da ita. Takardar mallaka kuwa gwamnan jiha ke bayarwa bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, yawanci na shekara 99. Dokar ta ba shi ikon soke ta don amfanin jama'a, diyyar kuma ta gini da shuka ce, ba kuɗin da ka ba dillali ba. A 2023 an yi rusau a Kano a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, kuma masu shagunan suna riƙe da takardun gwamnatin da ta gabata. Ina ga mai hoto a waya?

Ɗauki lambar fayil ɗin da ke kan takardar, da kanka ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a duba: akwai tsarin yankan a wurinsu, kuma sunan wa ke kan fulotin? In sunan wani ne, sai da amincewar gwamna za a mayar da shi naka. Daga nan ka ɗauki safiyo naka, ba nasu ba, ya auna ya nuna maka turakun iyaka da tazararsu da kanal.

Ƙasar ma ka taka ta da damina. In ta fi kanal tudu, ruwa ba zai hau ba sai da inji, man fetur ya cinye ribar tumatir. In kwari ce, ruwa na tsatsafowa ta ƙasa, kanwa ta yi fari a sama, ciyawar kachala ta cinye gonar, gini kuma ya riƙa jiƙa daga tushe.

Zancen ninki a shekara ka bar shi. Fili ba ya sayuwa ranar da kake buƙatar kuɗi, ga kaka na tafe, jarinka zai kwanta daidai lokacin da hatsi ke araha.

Miliyan biyun nan, a makon nan ka kira shi gaban babba ɗaya a gidanku da shaidu biyu, a rubuta: ko rasit na gwamnati da sunanka cikin kwana 30, ko ya dawo da kuɗin.