Amsar Goggo kan siranta da gyaran amarya

Assalamu alaikum 'yata. Ina fatan kina lafiya, ya su mamanki da ƙannenki? Allah ya sanya alheri a abin da aka sa a gaba.

Saƙonki ya iso ni. Kin ce tun da aka sa ranar bikinki 'yan uwa da ƙawaye suka sako ki a gaba, wai kin cika siranta, wai amarya ba ta shiga ɗakin miji da ƙashin wuya a waje, har wata ta kawo miki ƙwayoyi da wani ruwan magani a kwalba ta ce ki sha ki ciko kafin biki. Kina son ki san ko da gaske al'adarmu ce a yi kiwon amarya sai ta yi ƙiba, kuma me ni da babanki da marigayiya kakarki muke ci, ko muke bari, da har muka manyanta jikinmu bai taɓa yin nauyi ba.

Maganin nan shi ya fi tayar mini da hankali, don haka da shi zan fara. Kada ya shiga bakinki. Kin san a aikin asibiti na ƙare ƙuruciyata, na kuma ga abin da yake yi wa 'ya'yan mutane. Abin da ake sayar wa 'yan mata da sunan sha-ka-fashe yawanci dexamethasone ne ko cyproheptadine, wani lokaci a haɗa su biyun. Cyproheptadine maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana buɗe ciki yana sa barci. Dexamethasone kuwa magani ne mai ƙarfi da likita ke ba mai asma mai tsanani ko wani kumburi, bisa awo, na ɗan lokaci. Wadda ta daɗe tana shan sa fuskarta za ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, ƙafafu su tsotse, fata ta yi nankarwa. Daga nan sai ciwon sukari da hawan jini, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. In kuma har kin riga kin fara sha kika ɓoye mini, kada ki yanke shi rana ɗaya da kanki, yankewar ma tana da haɗari. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita ya nuna miki yadda ake rage shi a hankali.

Zancen al'ada kuma, gaskiya ne Bahaushe yana son ya ga mutum da jiki. In aka ce da mace “kin yi ƙiba, kin yi ɓul-ɓul”, yabo ne gare ta da mijinta. Uwa in 'yarta ta zo ganin gida, wuyanta da kumatunta take fara duba kafin ta tambaye ta komai. Amma ki dubi inda abin ya samo asali. Mutanen da rumbunsu ke yin ƙasa a tsakiyar damina, kafin sabon gero ya nuna, dole su ɗauki tsoka a jiki a matsayin rufin asiri. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984, muka ga dabbobi suna faɗuwa, mutane suna barin garuruwansu, mun san abin da ramammen jiki yake tuna wa tsofaffi. Masu matsa miki ba ƙinki suke yi ba, tsohon tsoro ne suka gada ba su san sun gada ba.

Sai dai abin da ake yi wa amarya a wajenmu bai kai inda suke kai shi ba. Ana ɗauke mata aikin wahala na 'yan kwanaki, a sa ta a lalle, a yanka mata kaza, a ba ta nono da kunu. Bayan ta tare a kai gara, su alkaki da nakiya da dubulan da man shanu, wanda rabinsa ma dangin miji da maƙwabta ake raba wa. Ɗura wa yarinya nono da fura tun tana ƙarama har ta kasa tashi, wannan al'adar Larabawan Azawak ce a Nijar da wasu mutanen Muritaniya, ba tamu ba. Wadda muke ciyarwa da gaske ita ce mai jego, da kunu da gasasshen nama, don ta mayar da jini ta sami ruwan nono, shi ma na kwana arba'in ne.

Yanzu bari in ba ki labarin yadda kakarki take wuni, a nan amsar tambayarki ta biyu take. Asuba ta fari take tashi. In ta yi salla sai ta hura wuta ta ɗumama tuwon jiya, ko ta dama koko. Da wannan za a karya. Daga nan ba abin da zai sake shiga bakinta sai wajen azahar, lokacin fura. Furar gero da nono mai tsami, a dama a ƙwarya, ba sukari, ludayi yana zagayawa. Bayan magariba tuwon dawa da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, da daddawa, a ɗan zuba man shanu a kai. Ana idar da isha'i an ɗan taɓa hira, sai kwanciya. Nama sai ranar kasuwa ko salla ko suna, shi ma tsoka ɗaya ce rabonki. Da damina akwai kwaɗon zogale da rama da tafasa da ƙuli-ƙuli, akwai fate da dambu. Abin zaƙi kuwa kowanne da lokacinsa: goruba, magarya, kanya, ɗinya, aduwa, rake da mazarƙwaila a lokacin sanyi. Ba a ajiye suke a ɗaki kullum ba balle hannu ya riƙa kai wa baki ba tare da an sani ba.

Yadda take cin tuwon ma abin lura ne. A akushi ɗaya take ci da abokiyar zamanta, a zaune a tabarma, ba magana mai yawa. Lomarta ƙarama ce, za ta murza ta a hannu, ta dangwali miya, ta ɗauki lokaci kafin ta kai hannu na biyu. Da ta ji cikinta ya ɗauka sai ta suɗe yatsunta ta ce alhamdulillahi ta ja ƙwaryar ruwan wanke hannu. To daga nan ko sarki ne ya ce ta ƙara ba za ta ƙara ba. Abin da ya rage akwai na almajiri, akwai na ɗumame, ba a cinye tukunya don an ga ta rage. In ta ga ɗayanmu yana cusa loma sai ta tuna mana hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, in kuwa ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. A wajenta cin abinci har a kasa tashi rashin tarbiyya ne, kamar cin abinci a tsaye ko a kan hanya. Azumin Litinin da Alhamis kuma ba ya wuce ta, don Allah take yi, ba ta taɓa kawo zancen jiki a ciki ba, in ta sha ruwa ma abin da kowa zai ci shi za ta ci.

Shi kuma tuwon, kin san wahalar da ake sha kafin ya zo akushi? A fiddo damin dawa daga rumbu a sussuka, a sheƙe, a surfa a turmi, a bakace, a wanke, a shanya, a daka ko a niƙa a dutse a durƙushe, a tankaɗe, sannan a zo talge da tuƙi da muciya. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓarya na tashi tana sauka, zufa na zuba har ta jiƙa zani. Ruwa sai an ja da guga a rijiya an ɗauko a tulu a ka. Ga shara, ga wanki, ga itace, ga goyo a baya duk ana wannan. Mazan kuma fartanya da garma tun daga sharar gona har girbi, masallaci sau biyar a ƙafa, ranar Juma'a a bi jaki a ƙasa zuwa kasuwar Wudil a dawo. Da dare 'yan mata suna gaɗa a dandali, samari suna langa da kokawa. Ba wanda ya ware wani lokaci ya ce na motsa jiki ne. Abincin kansa ba ya samuwa sai jiki ya motsa.

Kada ki ɗauka ina cewa komai na da daidai ne. Wata ramar ta yunwa ce, wata ta tsutsar ciki da zazzaɓi, na kuma riƙe yara masu tamowa da hannuna waɗanda har yau ban manta fuskokinsu ba. Mata da yawa aikin nan ya tsofar da su tun ba su kai ba. Ba na yi miki fatan komawa dutsen niƙa. Sannan akwai halitta. A gidan da ke jikin namu akwai matar da take daka tare da kakarki, abincinsu iri ɗaya, amma ita kakkaura ce har ta koma ga Allah, lafiyarta ƙalau. Mu kuma dangin dogaye ne sirara, ke ma jinin nan kika ɗauko. Siranta ma ba ta hana ciwo, na sha auna siririn mutum in tarar da sukarinsa ko jininsa ya hau.

Abin da ya canza a zamaninku, injin niƙa ya karɓi turmi, famfo da masu kura sun karɓi rijiya, wannan kam mun gode Allah. Amma ƙafa ma ta daina aiki, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai an tsayar da adaidaita sahu. Abinci kuma ya daina jiran lokacinsa. Shayi mai kauri da biredi da safe, taliyar leda da hantsi, cincin da biskit a jaka, shinkafa da mai da rana, tsire da ƙarfe goma sha ɗayan dare ana danna waya. Lemon kwalba da a da sai baƙo ya zo ko ranar salla, yanzu shi ake korawa da shi. Kwalba guda mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce kamar cokali 12 a wuni duka, in ya tsaya a 6 ya fi. Ita ce kuma ta ce babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, abin da kakarki ke cikawa kafin rana ta take a wuni guda.

Babanki da ya dawo birni bai bar tsarin gida ba, ki lura da shi. Yana karyawa, yana cin na rana, yana cin tuwonsa da wuri, tsakani ruwa ne kawai. Ba ya ƙin nama ko shinkafa, a biki yana ci da marmari, amma ba ya neman ƙari don an ce akwai. Masallaci da kasuwa a ƙafa yake zuwa. Ni ma haka, har yau ni nake share tsakar gidana, kuma in ban taka na je gaida maƙwabta ba sai in ji gwiwoyina sun riƙe.

Ke kuma ga abin da nake so ki duba. In jikin nan naki haka yake tun tasowarki, kina cin abinci da daɗi, kina aikinki ba jiri ba kasala, al'adarki tana zuwa a kan lokaci, to ba abin da ke damunki, ki bar su su yi ta magana. In kuwa kwanan nan kika fara zubewa ba dalili, ko tari ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko al'ada ta ɗauke, to asibiti za ki je a yi gwaji, ba kemis ba. In kuma ke da kanki kike son ki ɗan ciko, ki ƙara da abincin da muka sani: fura da kindirmo, kunun gyaɗa, wake, ƙwai, dabino, ki samu barci, ki rage zullumin biki, don shi ma yana cin jiki. Abin da jikinki ya karɓa ya karɓa.

In kin tare, zaman ɗaki da haihuwa za su iya canza miki jiki fiye da yadda kike zato, na ga haka a kan sirara da yawa. A nan ne za ki buƙaci tsarin nan. Ki tsayar wa gidanki lokacin cin abinci tun daga makon farko, kada firji ya zama ma'ajiyar lemo, gero da dawa da ganye kada su yanke a tukunyarki, aikin da za ki iya yi da hannunki kada ki bar wa 'yar aiki duka. In mijin naki yana da hali, ku riƙa ɗan takawa tare bayan la'asar ko bayan isha'i, ko cikin unguwa ne.

Ki gaishe da babanki, ki ce masa ina nan tafe mako guda kafin kamu in Allah ya yarda, a gyara mini ɗakin da na saba sauka. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya.

Goggonki