Jini na zuba, ina tsoron asibiti a Texas

Wata ƙanwarmu ta rubuto daga Houston, a jihar Texas ta Amurka. Cikinta wata biyu da rabi, kwana uku ke nan jini na zuba, bizarta kuma ta ƙare tun bara. Maƙwabciya ta ce mata in ta je asibiti za a ce ita ta zubar da cikin, a kira mata 'yan sanda da jami'an shige da fice. Mahaifiyarta a Kano ta ce ta sha jiƙo ta kwanta.

Ƙanwata, ki sa mijinki ya kai ki sashen gaggawa yau, kada a kwana.

Tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a duk ƙasar, Texas kuma ta haramta shi sai in ran uwa na cikin haɗari. Amma hukuncin a kan likita yake, ɗauri da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba. Mai cikin ba a tuhumarta. Wankin ciki bayan ɓari, da cire cikin da ya zauna a wajen mahaifa, dokar jihar ba ta lissafa su a zubar da ciki ba.

Batun takardu: akwai dokar tarayya ta 1986, EMTALA, da ta wajabta wa asibitoci masu sashen gaggawa su duba ki su ceto ki, da kuɗi ko babu, da takarda ko babu. Tun Nuwamban 2024 asibitocin Texas na tambayar majinyata ko suna da takardun zama a ƙasar, bisa umarnin Gwamna Greg Abbott. Kina da ikon cewa ba za ki amsa ba, kuma za a duba ki. Ƙarya dai ce ban yarda ki yi ba, don ita ke ɓata wa mutum takardunsa nan gaba.

Abin da ya fi damuna, wasu likitocin kan ja ƙafa don tsoron dokar, musamman in zuciyar ɗan tayin na bugawa. Ki nemi tafinta, kyauta ne. Ki tambayi abin da hoton ciki ya nuna, a ba ki a rubuce. In an sallame ki jinin ya ƙaru har kina jiƙa auduga biyu cikin awa, ko zazzaɓi, ko jiri, ko ciwo a gefe ɗaya na mara, ku kira lambar gaggawa, 911.

Ita kuwa Hajiya, soyayya ce ta sa ta faɗi haka, amma ba ta ganin zanin gadonki daga Kano. Ki ce ta taya ki da addu'a, ki kira ta daga asibitin. In ɓarin ne, ƙaddara ce, ba ki da laifi wurin Allah ko wurin hukuma. Allah Ya ba ki lafiya, Ya mayar da alheri.