Hukuncin allura da tiyatar ƙara girman gaba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni saurayi ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi, an sa ranar aurena bayan babbar Salla. Na daɗe ina ganin gabana ƙarami ne, ina tsoron jin kunya a wajen amarya. Wani ya yi mini tallan allura ta WhatsApp, ya ce jika sittin ce kuma a ɗakinsa yake yi. Wani abokina ya ce a ƙasashen waje tiyata ake yi. Ya halatta in yi ɗaya daga ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya sanya albarka a auren, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka aikata. Allurar nan haramun ce, kada ka je. Tiyata kuwa hukuncinta yana bin halin mai ita: wanda halittarsa lafiya lau take, bai halatta gare shi ba, wanda likita ya tabbatar yana da aibi na gaske, wannan magani ne, ya halatta.

Allah ya ba mu labarin alwashin Shaiɗan a Suratun Nisa'i, aya ta 119, cewa zai umurci mutane su canza halittar Allah. A hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an la'anci masu yi wa haƙora wushirya don neman kyau, masu canza halittar Allah. A ɗaya gefen kuma ga Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umurce shi ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka kawo. Daga nan malamai suka raba tsakanin gusar da aibi da neman ƙari a kan lafiyayyar halitta. A kan wannan rabon ne Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tafi a zamanta na Malesiya a 2007, kan tiyatar gyaran jiki.

To, kai a wane ɓangare kake? Nan ne nake so ka tsaya, domin mafi yawan samarin da wannan damuwa ke ci ba su da wani aibi. A 2015 wasu likitoci a Ingila sun tattara awon maza sama da 15,000, suka samu matsakaicin tsawo a miƙe kimanin santimita 13 ne. Abin da likitoci ke kira ƙanƙanta ta ciwo yana wajen santimita 7 zuwa ƙasa, kuma ba kasafai ake samunsa ba. Malaman mazhabarmu ma da wannan ma'auni suka yi aiki tun da daɗewa: aibin da ke ba mace zaɓin rabuwa, wanda suke kira unna, shi ne ƙanƙantar da saduwa ba ta yiwuwa da ita sam. Wanda gabansa ba ya tashi kuwa, Risala ta ce a ba shi shekara guda. Ba su taɓa lissafa "bai kai na wane ba" a cikin aibi ba. Na kuma lura sau da yawa tushen wannan waswasi kallon hotunan batsa ne a waya, ko fariyar majalisa. Idan akwai wannan, a fara tuba daga gare shi.

Sai maganar cutarwa, wadda ita kaɗai ta isa hujja. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta, babu cutarwa. Masu allurar ɗaki man Vaseline ko silikon suke ɗurawa a ƙarƙashin fata. Jiki ba ya narkar da su. Da farko wurin ya kumbura, mutum ya ɗauka girma ne. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, sai ya dunƙule ya yi tauri, gaban ya karkace, fata ta fashe ta zama gyambo mai ruwa. A ƙarshe sai likita ya yanke fatar da ta lalace ya ɗebo wata daga wani sashen jiki ya lulluɓe. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Shi kuma mai yin allurar ya sani cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da likitanci ba, lamunin abin da ya ɓata yana kansa.

Ta ƙasashen wajen ma ba tsira ba ce. Ko dai su yanke jijiyar da ke riƙe gaba da ƙashin mara, ya ɗan sauko a ido amma ya rasa madogara idan ya tashi, ko su zuƙo kitsen ciki su ɗura. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ce ba a tabbatar da amincin waɗannan hanyoyi biyu ko amfaninsu ba. A 2017 an ba da rahoton wani ɗan shekara 30 a Suwidin da ya mutu saboda kitsen da aka ɗura masa ya bi jini ya toshe huhunsa. Ƙara da cewa aikin ba ya yiwuwa sai an buɗe al'aura, shari'a kuwa ba ta yarda da buɗe ta ga wanin iyali ba sai da lalura.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa: maganin maza da ake tallatawa da lasifika a tasha da bakin kasuwa, babu ƙwaya ko mai ko garin da ke ƙara tsawo. Wasu ma an gano an cakuɗa su da sinadarin Viagra a ɓoye. Mai shan wasu magungunan ciwon zuciya, jininsa na iya faɗuwa nan take. Mai sikila kuwa gaban na iya miƙewa ya ƙi kwanciya, kuma idan ya wuce awa 4 a haka sai a garzaya asibiti. Mai sayar da irin wannan da sunan ƙara girma algus yake yi, kuɗinsa ba halal ba ne.

Abin da za ka yi kafin biki: ka je babban asibiti a nan Maraɗi ka nemi likitan mafitsara, namiji, ya duba ka. Wannan buɗewa ta lalura ce, babu laifi. Idan ya samu aibi, kamar lanƙwasar da ke hana saduwa, ko kafar fitsari da ba ta a mazauninta, ko ƙanƙanta ta ciwo, ka bi maganinsa ko da tiyata ce, matuƙar ya rinjayar da amfani a kan cuta, kuma ka sanar da waliyyin yarinya kafin ɗaurin aure idan abin zai hana saduwa. Idan ya ce lafiyarka lau, ka karɓi maganarsa, jika sittin ɗin nan ka ƙara a hidimar gidanka. Allah ne mafi sani.