Tambayoyinku: Ina son in yi ritaya a bakin ruwa, amma kuɗina ba su da yawa

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, saura min wata takwas in cika shekara 35 a aiki in ajiye. Tun ina yaro nake son zama kusa da ruwa saboda mahaifina ya taɓa aiki a wani gari a bakin kogin Kwara, har yau ina tuna kifi da iskar yamma ta wajen. Yanzu wani dillali ya turo min hotunan fili a Lokoja ta WhatsApp, ruwan ma ana ganinsa a hoton, kuma kuɗin bai kai rabin na fili a bayan garin Kaduna ba. Wasu abokai kuma suna ce min Yawuri ko wajen Tiga. Ina da hawan jini, uwargida kuma ba ta cika son maganar ba. Ɗan abin da zan samu na sallama shi ke nan gare ni. Don Allah ku ba ni shawara.

Mai karatunku daga Kaduna

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya sa a gama lafiya, ya sa albarka a abin da aka samu.

Tambayar farko da zan so ka yi wa dillalin nan ita ce a wane wata aka ɗauki hoton. Ina kyautata zaton da rani ne, lokacin da kogi ya ja baya ya bar yashi fari tas kaman an share. Filin da ka ga yana da araha haka a bakin kogi toh akwai dalili, mutanen garin ba wai ba su gan shi ba ne, sun san shi ne fiye da kai shi yasa suka bar shi. Lokoja fa nan ne Kwara da Binuwai suka haɗu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini da wanda ya taso daga Kamaru duk ta ƙofar gidan nan za su wuce. A 2012 ruwa ya shanye unguwanni har ya datse hanyar Abuja zuwa Lokoja, a 2022 ma aka sake maimaitawa, motoci da tankokin mai suka yi kwanaki a tsaye wajen Koton Ƙarfe, unguwanni irin su Ganaja da Adankolo mutane da kwale-kwale suke shiga gidajensu. Kuma ba ruwan saman garin kaɗai ba ne, idan madatsar Lagdo ta Kamaru ta cika aka buɗe ta, ruwan yana biyo Binuwai ta Yola da Makurɗi ya zo ya tarar da Kwara ita ma a cike.

Ba wai ina cewa kar a zauna Lokoja ba ne. Gari ne mai tudu, ga dutsen Patti nan a kansa, akwai unguwannin da ruwa bai taɓa zuwa ba kuma daga can kana hango kogin sarai, akwai asibitin koyarwa na tarayya, Hausawa ma sun daɗe a garin. Sai dai filin tudu ba zai zo da wannan farashin da aka gaya maka ba, ga kuma zafi, wallahi zafin Lokoja sai wanda ya kwana a can a watan Maris zai ba da labari, mai hawan jini ya sa wannan a lissafi.

Akwai kuma maganar doka da dillalai ba sa so a taɓo. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda hedkwatarta ma a Lokoja take, doka ta ba ta iko da mita 100 daga gaɓar manyan koguna irin su Kwara da Binuwai. Ke nan kana iya biyan kuɗi, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa hannu, ka yi gini, daga baya a ce maka wurin ba na wanda ya sayar ba ne tun asali. Dokar filaye ta 1978 kuma ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, don haka takardar cinikin da aka rubuta a gidan mai unguwa daban, takardar mallaka ta gwamnati daban. Kafin ka ba da ko sisi, ka je ma'aikatar ƙasa da safiyo ta jihar da kanka a duba maka lambar filin, kuɗin binciken nan ba zai kai komai ba idan ka gwada da abin da za ka yi asara.

Yawuri kuwa na fahimci dalilin da ya sa abokanka suka ambace ta, gari ne na sarauta mai tarihi, harshenka ne, addininka ne, kifi kuwa ba a magana, rayuwa da sauƙi fiye da Kaduna. Amma ruwan wajen na tafkin madatsar Kainji ne da aka gama a 1968, wadda ta shanye tsohon garin Bussa gaba ɗaya har aka gina wa mutanensa sabo, kuma tafkin yana hawa yana sauka a cikin shekara, inda ka gani busasshe yau wata shida masu zuwa jirgi ne zai bi ta kai. Sannan ka tambayi lafiyar hanya da tsaro sosai, kar ka manta a 2021 aka kwashe ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. Babban asibiti kuma idan ciwo ya yi tsanani sai an yi tafiya mai nisa, ko Birnin Kebbi ko Sakkwato, da daddare wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai hawan jini.

Ni dai in da mahaifina ne, wajen Tiga zan fara kai shi ya duba. Dam ne da aka gina zamanin Audu Bako a farkon shekarun 1970, ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, ga gonakin rani na Kadawa da Kura a ƙasansa, kayan miya da shinkafa ba ka saye da tsada, kuma Kano ba ta da nisa, idan ta kama a cikin awa biyu kana asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna ma 'ya'ya za su iya zuwa su koma a yini ɗaya. Amma ko a can ɗin ba a gaɓa ba, kuma ba a ƙasan madatsa ba. Abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare mutane suna barci ya isa ya sa kowa ya tambaya, in ruwan nan ya fito ta ina zai bi. Ƙasar da ke jikin dam ɗin kuma tana hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, ka tabbatar filin da za a nuna maka ba a cikin nata yake ba.

Sai abin da ba a gani a hoto. Sauro, Baba, duk inda ruwa ya kwanta zazzaɓi ya zama abokin zama, raga a kowace taga da gidan sauro dole ne ba ado ba. Tsargiya ga jikoki idan suka zo hutu suka faɗa wanka, wannan ciwon a ruwan dam da na noman rani yake zaune. Danshi yana cin bango daga ƙasa, fenti ya kumbura, siminti ya riƙa zuba, ga masai da shadda da suke cika da wuri saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, ginin fadama sai an ɗaga harsashi an zuba ciko, kuɗin da ka ce ka rage a sayen fili sai ka ga ya tafi a nan har da ƙari.

Shawarata ta gaskiya kar ka sayi komai a shekarar farko. Ka kama hayar ɗaki biyu a garin da zuciyarka ta fi kwanciya da shi, ka yi damina guda cur a can, musamman Agusta zuwa Oktoba lokacin da koguna suke cika. Ka riƙa zagayawa da ƙafa kana duba jikin bangon gidaje, ruwa yana barin layi a inda ya tsaya kuma fenti ba ya ɓoye shi duka. Ka zauna da masunta da tsofaffin masallaci ka tambaye su, a shekarar babbar ambaliya ruwa ina ya tsaya, za su nuna maka da hannu, wannan bishiyar, wancan turken lantarkin, ba su da abin da za su ci a cinikinka don haka ba za su rufe ka ba. Hukumar NiHSA mai sa ido kan ruwan koguna ta ƙasa ma tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara da sunayen ƙananan hukumomi, ka sa ɗaya daga cikin yaranka ya nemo maka a intanet. Filin da za ka saya ya zama wanda za ka taka minti goma ko sha biyar kafin ka isa ruwa, kana gangarawa ba kana tafiya a shimfiɗe ba.

Maganar Hajiya kuma kar ka wuce ta da sauri. Ka tambaye ta mene ne ba ta so, ruwan ne ko barin 'yan uwa da maƙwabtan shekara talatin da islamiyyarta, domin kai za ka fita bakin kogi ka sha iska ka yi hira, ita ce za ta wuni a gida cikin mutanen da ba ta sani ba. Ka tafi da ita hayar nan ta gwaji, kuma in kuna da gida naku a Kaduna don Allah kar a sayar da shi tukuna, a sa 'yan haya kuɗin su riƙa biyan na can. Kuɗin sallama kuma kar su tafi duka a bulo da kwano, fansho yakan yi jinkiri a watannin farko, maganin hawan jini kuwa kullum ne.

In ka je ka gani ka sake rubuto mana, ka haɗo da sunan unguwar da watan da ka je.