Neman Aikin Farko a Fannin Gyaran Magana da Harshe: Yadda Ake Shiri

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala karatun gyaran magana da harshe, kuma na ga tallar gurbin aiki a wani asibiti mai kula da yara da manya. Damuwata ita ce ban taɓa yin aiki ba, sai horon da muka yi lokacin karatu. Me zan rubuta a takardar neman aikin, kuma waɗanne irin tambayoyi zan tarar a wurin intabiyu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kwantar da hankalinki game da rashin gogewa, domin duk wanda ya buɗe gurbi ga sabon shiga ya san cewa horon makaranta ne jarinsa. Abin da masu tantancewa suke son tabbatarwa shi ne ko za a iya barin ki da majinyaci a ɗaki hankali kwance, wato ko kin san iyakar iliminki, kuma kin san lokacin da ya kamata ki nemi na gaba da ke.

Ki fara da rajista, tun da sana'a ce da doka ke sa wa ido a ƙasashe da dama. A Birtaniya ba a yarda mutum ya kira kansa da sunan wannan sana'a ba sai ya yi rajista da hukumar HCPC mai sa ido kan ma'aikatan lafiya, a Amurka kuwa ƙungiyar masu wannan sana'a, wato ASHA, na buƙatar sabon shiga ya yi aƙalla makonni 36 da sa'o'i 1,260 a ƙarƙashin kulawar gogagge kafin ta ba shi takardar shaidarta. Ki bincika ƙa'idar inda kike, ki bayyana a takardarki matakin da rajistarki ta kai.

Takardar kanta kuwa, kuskuren da na fi gani shi ne a cika ta da yabon kai, irin su haƙuri da son taimakon jama'a, alhali kowane mai nema ya rubuta haka. Ki ɗauki sharuɗɗan da aka jera a tallar, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki kawo masa shaida daga horonki. Idan sun ce suna son mai iya aiki da iyaye, ki ba da labarin yaron da kika koya wa mahaifiyarsa ta riƙa dakatawa tana ba shi damar amsawa maimakon ta ƙarasa masa magana, da canjin da aka gani bayan makonni. Kada ki ambaci sunan majinyaci ko wani abu da zai sa a gane shi, domin wannan kaɗai ya isa a ajiye takardarki gefe.

A wurin intabiyu, nauyin yana kan tambayoyin da ake ƙago yanayi a ce ki warware. Za a iya ce miki da safe kin tarar da takardu uku: dattijon da ya sami shanyewar ɓarin jiki yana tari duk lokacin da ya sha ruwa, da yaro ɗan shekara huɗu mai in'ina, da malamar makaranta da muryarta ta dishe tsawon makonni. Wa za ki fara gani? Dattijon ne, saboda tarin nasa na iya zama alamar matsalar haɗiya, wadda kan iya tura abinci ko ruwa cikin huhu ta jawo nimoniya, kuma a wasu majinyata hakan na faruwa ba tare da ko tari ba. Malamar kuwa sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba maƙogwaronta kafin a fara mata atisayen murya. Ki faɗi dalilanki a fili, ɗaya bayan ɗaya, domin hanyar tunaninki ake auna wa maki. Idan an tambaye ki abin da ba a horar da ke a kansa ba, ki faɗa kai tsaye, sannan ki bayyana wanda za ki tuntuɓa da abin da za ki yi kafin ya iso. A ganina, mai neman aikin da ke ƙaga amsa don kada a ce bai sani ba ya fi kowa haɗari a sashen masu matsalar haɗiya.

Ta ɓangaren yara, ki shirya wa tambaya kan ɗan shekara biyu da rabi da bai fara haɗa kalmomi biyu ba, abin da akasarin yara ke yi wajen cika shekara biyu. Gwajin ji ne farko, sannan tarihin haihuwa da girma, sannan harsunan da ake yi a gida. Tashi da harsuna biyu ba ya haifar da larurar harshe, kuma gwajin da aka tsara a harshe ɗaya ba zai nuna gaskiyar abin da yaro ya iya a wani harshen ba. Kusan babu makawa za a taɓo kare yara daga cutarwa, kuma amsar ita ce idan kin ga alamar ana cutar da yaro, ki rubuta abin da kika gani ko kika ji daidai yadda yake, ki kai rahoto ga jami'in da ke da alhakin hakan a ranar, ba tare da kin yi wa yaron alkawarin ɓoye sirri ba.

Idan suka ba ki damar yin tambaya, kada ki ce ba ki da ita. Ki tambayi wanda zai riƙa duba aikinki da sau nawa za ku zauna a wata, da yawan majinyatan da za a danƙa miki a farko, da ko za a haɗa ki da gogagge kafin ki fara ganin masu matsalar haɗiya ke kaɗai.