Yaya mutum uku ke kaɗa waƙar David Bowie ba tare da mawaƙi ba?

Malam, ka tambaya ko makaɗan jazz uku za su iya ɗaukar waƙar Bowie, mawaƙin nan na Birtaniya, ba tare da murya ba, ko kuwa kwaikwayo ne kawai. Ba kwaikwayo ba ne. Nemi ƙungiyar The Bad Plus ta Amurka ka saurari yadda suka yi waƙarsa "Life on Mars?" a faifansu Prog na 2007. Ethan Iverson ne a kan fiyano, Reid Anderson a kan bes (babban kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti), Dave King a kan ganguna.

Fiyano ke tsayawa a madadin murya. Su fara kaɗa karin waƙar yadda kowa ya san shi, sai su bar shi, kowa ya ƙirƙiri nasa nan take a kan jerin sautukan asali. Waƙar, wadda ta fito a 1971, da ma a kan fiyano aka gina ta, shi ya sa ta karɓu. Wani lokaci King kan cika dukan ganguna har karin ya ɓace, ni kam wannan bai cika burge ni ba.

Bowie kansa makaɗan jazz ya ɗauko, ƙungiyar Donny McCaslin, a faifansa na ƙarshe, Blackstar, na 2016.