Amsar tambayarki kan sauya wa shuka tukunya

Wa alaikumus salam 'yata, na ga saƙonki tun jiya, ban samu zama bane sai yanzu. Kin ce fulawarki ta cika tukunya har saiwa na leƙowa ta hujin ƙasa, kuma kina tambaya wai me ya sa masu shuka suke cewa sai an yi ban ruwa kwana ɗaya kafin a cire, sai da yamma, kuma ba a kama kara a ja, ko dai al'ada ce kawai da aka gada. Toh al'ada ce kam, amma kowacce da dalilinta.

Kinga waɗannan manyan saiwoyin da ido ke gani ba su ne ke shan yawancin ruwan ba, akwai wasu ƙanana sirara kamar gashi a jikinsu, su ne ke aikin, kuma da kin fizgi shukar ta kara su ne farkon tsinkewa, shi ya sa zaki ga an yi dashe da safe kafin la'asar ganye ya yi yaushi duk da ƙasar a jiƙe take. Wallahi ni abin nan yana min ciwo, na taɓa rasa wata da na shekara 3 ina reno saboda gaggawa, na ja ta karan ya rabu da saiwar a hannuna. Ban ruwan jiya kuwa shi ke sa shukar ta ƙoshi, ƙasar ta haɗe jikinta ta fito dunƙule guda. In ta bushe ƙamas sai ta wargaje, in kuma ta yi caɓal sai ta yi nauyi ta ja saiwa. Yamma kuma don ta samu dare guda ta huta kafin rana ta buge ta.

Yadda zaki yi, ki shimfiɗa tafin hannunki a kan ƙasar, karan ya shiga tsakanin yatsunki biyu, ki kifa tukunyar ki ɗan bubbuga bakinta a gefen benci, sai ki zare tukunyar sama. In ta roba ce ki fara mammatsa gefenta. In ta ƙasa ce ko siminti ki zagaya ciki da doguwar wuƙa a jikin bango. Saiwar da ta leƙo ta huji ki yanke ta da almakashi mai tsabta tunda ita ce ke riƙewa. In duk ta ƙi, ki fasa tukunyar dan Allah, kar ki ji tausayinta, ana samun wata. Ta leda kuwa reza kawai zaki sa.

Da ta fito ki tsaya ki duba sosai. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa kuma da ƙarfinta, wadda ta yi baƙi ta yi laushi tana wari ta ruɓe, ki datse ta. In kin ga sun nannaɗe suna zagaye kamar gammo ki warware su a hankali da yatsa, in ba haka ba ko a sabon gida haka zasu ci gaba da zagaye kansu.

Sabuwar tukunya kar ta wuce tsohuwar da fiye da santimita 3 zuwa 5 a faɗi, na san zuciya na son babba amma ƙasar da saiwa bata kai gare ta ba riƙe ruwa take ta ruɓar da ita. Lallai ta kasance da huji. Ki dasa ta daidai zurfin da take a da, kar ki binne karan, ki danna ƙasar kaɗan ki ba ta ruwa har ya fita ta ƙasa, ki ajiye ta a inuwa kamar sati ɗaya, taki kuma ki bari sai bayan sati 4 zuwa 6.

Af na manta, baki faɗa min wace iri bace. In irin su alobera ce masu ajiye ruwa a ganye, to su a bushe ake cire su kuma sai an kwana 3 ko fiye kafin a ba su ruwa. Ki turo min hotonta da na saiwar in kin cire in gani. Ki gaida mamanki.